Fankar Iya Hansai

Da la'asar aka gama kashe wutar a unguwar Boutalbagar, aka fito da gawar Iya Hansai daga ɗakinta. Tsohuwa ce da ciwon ƙafa ya kwantar tun bara. Kafin Sufeto Shafi'u ya iso, unguwa ta riga ta yanke hukunci: Nuriyya ce, matar ɗanta Falalu, da garwashin duhan ɗinta, hayaƙin itacen ƙamshi da matan garin ke zama a kai. Dangin miji har sun fara zancen korar ta. Mutane ke nan, bakinsu ya fi wutar sauri!

Sufeto ya leƙa ramin duhan. Yanar gizo ya tarar a ciki.

"Nuriyya, yaushe rabonki da shi?"

"Tun da na sami ciki, Shef."

"To me ya kawo wuta ɗakin?"

Ta dubi mijinta, ta sunkuyar da kai. Falalu ya kau da kai.

Sai ya koma kan Dawuda, mai sayar da fetur a kwalabe jikin katanga. Kwalabensa cike, ko ɗaya ba ta fashe ba, katangar ma ba ta yi baƙi ba. Sufeto ya sallame shi.

Ya shiga ɗakin da sanda yana tona toka. Can ƙarƙashin kwanon rufin da ya rufta ya zaro wani kejin ƙarfe a murɗe. Fanka ce. Gidan kuwa ba shi da mita, bai taɓa samun kuran ba, wato lantarki.

A gindin falwayar ƙofar gida ya sami maƙwabcinsu, Baba Ilyasu, riƙe da rediyo yana hawaye.

"Baba, me ka gani?"

"Ban gani ba, ɗana, ji na yi. Tun farkon zafin nan, in na zauna nan da rediyo sai ya yi ta ƙara kamar ana suya. In na matsa bakin masallaci, ya washe. In an ɗauke kuran ma, ya washe. Wani ma'aikacin wuta ya taɓa gaya min, hakan na nufin waya na tartsatsi a sama. Na ɗauki hulata zan je kamfanin wuta."

"Ka je?"

"Ina fa! Falalu ya ce in huta, hanyarsa ce, shi zai faɗa musu."

Sufeto ya ɗaga kai. A saman falwayar akwai ƙugiyar waya, an datse jelarta, bakin yankan yana sheƙi.

Ya kira Falalu gaban kowa.

"Kai ka maƙala waya ka ja ta ƙarƙashin rufin mahaifiyarka. Ƙugiyar ba ta kama sosai ba, shi ya sa take tartsatsi, rediyon Baba yana ji. Ba ka je kamfani ba, don in sun zo gyara za su ga wayarka. Yau aka dawo da kuran da tsakar rana, siririyar waya ta yi zafi, zanar da ke ƙarƙashin kwano ta kama. Mutane na ɗibar ruwa, kai kana datse waya."

Falalu ya zube a ƙasa.

"Zafi take kuka da shi, Shef. Bayanta duk ya saɓule. Ranar da fankar ta fara juyawa ta yi barci, ta sa min albarka. Da sun zo, cirewa za su yi. Wayyo Iya, na kashe ki!"

Wallahi abin ya taɓa Sufeto, amma bai sassauta ba.

"Wannan tsakaninka da Allah da alƙali. Matarka fa? Ta san da fankar, ta rufa maka asiri, ana kiran ta mai kisa kana tsaye."

Falalu ya juya. "Nuriyya..."

Ba ta kalle shi ba. Ta ɗauki buta da sabulu, ta wuce inda mata ke jiran ta su wanke Iya.