Zumuncin Wutar São João

Jaciara na tsaye bisa kujera a filin cocin garin Lagoa do Mulungu, tana ɗaura igiyar ƙananan tutocin biki a rumfar mahaifiyarta, sai iska ta fizge igiyar daga hannunta. Kafin ta sauko, wani ya cafke ta ya miƙo mata.

Baƙo ne, dogo, da sanfona rataye a ƙirjinsa, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugin maƙera. Ya ce sunansa Erivan, daga birnin Recife ya biyo ƙungiyar kawunsa, su ne za su yi kiɗan bikin waliyyi São João na bana. Ya tambayi nata sunan. Ta faɗa a ciki-ciki. Ya ce bai ji ba, ta maimaita ƙasa da na farko.

"To shi ke nan," ya ce yana murmushi, "Dona Shiru-shiru zan riƙa kiranki."

Shekarunta ashirin da biyu, daga ita sai mahaifiyarta Dona Creuza a gida. Ɗinki take yi. Duk rigunan 'yan rawar garin daga kekenta suke fitowa, har da rigar amaryar auren wasa da ake yi kowane biki don a ba mutane dariya. Amma ita ba ta taɓa shiga fili ba. Wurinta bayan rumfa ne, tana naɗe alalen masara a ɓawo, tana kallon iyalai suna wucewa da yaransu a kafaɗa.

Tun daga ranar, duk hutun da makaɗa suka samu, a rumfarsu Erivan yake yinsa. A rana ta uku ya roƙi lambarta, ta rubuta masa a takardar naɗe kaya ba ta ɗago ba. Tana kwashe tukwane saƙonsa ya shigo.

"Dona Shiru-shiru, yau alale huɗu na ci don in ji kalma huɗu daga bakinki. Biyu na samu. Gobe da yunwa zan zo."

Sau biyar ta rubuta amsa tana gogewa.

"Ina magana. A rubuce ta fi mini sauƙi. Kiɗanka na da daɗi, amma kana rufe ido kamar mai ciwon haƙori."

Washegari ya hau dandamali da ido a buɗe tarwai, kuma rumfa ɗaya yake kallo.

Dona Creuza ta ga wannan kallon. Ta san shi, don da irinsa aka ɗauke ta. Mahaifin Jaciara makaɗin ganga ne, ya bi wata ƙungiya zuwa São Paulo yarinyar na da shekara biyu, ya ce wata uku zai yi. Har yau wata ukun ba su cika ba.

Jajibirin São João, da faɗuwar rana, kowane gida ya kunna wutarsa a ƙofa. Da itacen ya fara zama garwashi sai aka shiga ƙulla zumuncin wuta kamar yadda aka saba: mutum biyu su riƙe hannu, su tsallake garwashin sau uku, su kira waliyyi shaida, daga nan sun zama compadre da comadre, wato ɗan'uwa da 'yar'uwa na wuta, har mutuwa.

Dona Creuza ta yafito Erivan. A gaban maƙwabta ta yabi ladabinsa, ta ce yaro irinsa bai kamata ya bar garin nan a matsayin baƙo ba, ya zo su tsallake wuta da 'yarta. Fuskar Erivan ta washe. Shi ɗan birni ne, a wurinsa wannan wasa ne mai daɗi, kuma ya ɗauka uwar ce take buɗe masa ƙofa.

Jaciara ta san ƙofar rufe ta ake yi. Ta buɗe baki, ta ga idanun mutane a kanta, harshenta ya yi nauyi kamar dutse. Ya kama hannunta, karo na farko ke nan. Dona Creuza na faɗin kalmomin, suna maimaitawa. Suka tsallake sau uku, aka yi tafi.

Kafin ya koma dandamali ya turo mata saƙo.

"Comadre tawa, kin ga Dona Creuza ta karɓe ni. Saura zobe."

Ta shiga bayan rumfa ta rubuta masa gaskiya. A Lagoa, waɗanda wuta ta haɗa ba sa aure. Tsofaffi sun ce duk compadre da comadre da suka karya wannan, bayan mutuwa wutoci biyu suke zama, suna bin juna a jeji ba hutu.

Da farko dariya ya turo. Can sai ga wani saƙon.

"Kin san haka kika riƙe hannuna kika tsallake? Da ba kya so na, ai da kin rubuta mini. Kin ce a rubuce ta fi miki sauƙi."

Duk abin da ta rubuta sai ta ga zai zama ƙarar mahaifiyarta ta kai, sai ta goge. Bayan kwana biyu motarsu ta tashi.

Aka sauke tutoci, filin ya koma na awaki. Jaciara ta koma kan kekenta. In ta je kasuwa sai a tambaye ta ya compadre nata, ta ce lafiya lau. Da yamma su zauna ita da mahaifiyarta a baranda, kowa da kofin gahawa, rediyo na magana a madadinsu. In aka sako kiɗan sanfona sai Dona Creuza ta ce kanta na ciwo, a kashe.

Wata rana ta yi ƙarfin hali ta tare Padre Anselmo, limamin cocin, bayan ibada. Ya ce coci ba ta san da zumuncin wuta a cikin abubuwan da ke hana aure ba. Ta kai wa mahaifiyarta maganar. Dona Creuza ba ta ɗago daga wankin da take yi ba, ta ce Padre ɗan kudu ne, jiya ya zo, kuma ba shi zai yi yawo a jeji ba.

A watan Satumba Erivan ya zo da kansa. Dona Creuza ta ba shi kujerar da ta fi kyau, ta soya masa ƙwai, tana ta kiransa ɗana. Da ya kawo maganar aure sai ta yi alamar gicciye, ta ce kada ya ƙara faɗin haka a gidan comadre tasa. Ya juya ya dubi Jaciara yana jiran kalma ɗaya. Ita kuma tana kallon tabarmar ƙofa. Ya tafi da motar yamma.

Daga nan saƙonninsa suka ja baya. Na Kirsimeti layi ɗaya ne: "Barka da biki, comadre." Babu Dona Shiru-shiru.

Labarinsa sai ta riƙa samu daga Rosicleide, 'yar mai kantin magani, wadda ke aiki a Recife. Duk Lahadi tana zuwa filin da yake kiɗa a bakin teku, inda iyalai ke shimfiɗa zane su ci abinci su yi rawa, kuma ba ta fashin turo hoto. A kowane hoto kafaɗarta na kusa da tasa.

Da Yuni ya zagayo, Rosicleide ta dawo gida ta zo awo. Ita ce amaryar wasan bana, kuma kwamitin biki ya roƙi Erivan ya zama ango, kawunsa ya riƙe sanfona.

"Ki tsuke mini ƙugu sosai, Jaci," ta ce tana juyi gaban madubi. "Ai ke dangin ango ce, kada ki ba mu kunya. Wa ya sani, wasa kan zama gaske."

Jaciara ta cika bakinta da allurai don kada a jira amsa daga gare ta.

Ana gobe jajibiri, da la'asar, ta gama rigar, saura kalmasa. Tsayinsu ɗaya da Rosicleide, don haka ta sa rigar a jikinta ta tsaya gaban madubi tana auna inda za ta lanƙwasa. Ta gama aunawa, amma ba ta cire ba. Ta tsaya kawai, hannuwanta a sake, ruwan sama na sauka siriri a kan rufi.

A haka Dona Creuza ta shigo da kwandon masara. Suka haɗa ido ta cikin madubi.

"Mainha," Jaciara ta ce, da sunan da ake kiran uwa a can, muryarta ba ta rawa, "ba na fushi da ke. Na san abin da kike tsoro, kuma ba inda za ni. Abu ɗaya nake roƙo. Gobe in ya zo rumfa, kada ki sa in kira shi compadre. Ki bar ni a gida."

Dona Creuza ta ajiye kwandon a hankali. Ta durƙusa ta gyara wata allura da ta karkace a bakin rigar, ta daɗe a durƙushe fiye da yadda allura ɗaya take bukata. Sannan ta miƙe ta ce ba za a bar kowa a gida ba, wa zai naɗe alale?

Washegari da faɗuwar rana aka kunna wutoci. Filin ya cika, yara na gudu da 'yan tartsatsi a hannu. Erivan ya zo wucewa cikin kwat ɗin angon wasa mai faci-faci da hular kaba, ya gaishe su daga nesa kamar baƙo. Ya rame. Dona Creuza ta kira shi da sunansa, ta kuma yafito maƙwabtan da suka yi shaida bara.

Ta tsaya gaban garwashin ta goge hannu a zanen girkinta.

"Bara a nan na ƙulla wa yaran nan zumunci. Ba su suka nema ba. Na ga yana son 'yata, na ga tana son sa, na ji tsoron in wayi gari ni kaɗai a gida, sai na sa waliyyi ya tsare mini ƙofa. Bakina ne ya faɗi kalmomin, su maimaitawa suka yi."

Tsoho Seu Damião, wanda ya fi kowa sanin al'ada a layin, ya ce abin da wuta ta ɗaura ba a kwance shi, tun kakanni.

"To São João ya neme ni," in ji Dona Creuza. "In akwai mai yawo a jeji, ni ce. Shekara ashirin ina zaman jira, yawo ba zai ba ni tsoro ba."

Ta tattare zanenta ta tsallake garwashin ita kaɗai, da baya, sau uku. Ba wanda ya taɓa ganin an yi haka. Seu Damião ya sosa ƙeya, ya ce shi dai bai ji an hana ba.

Erivan ya cire hular kaba ya matso gaban Jaciara. Bai yi murmushi ba.

"Na ji ta bakin Dona Creuza. Taki nake jira tun bara, kuma yau ba na karɓar rubutu."

Idanun suna kanta kamar wancan karon, har sun fi yawa. Ta ji harshen zai sake yin nauyi. Sai ta daina kallon mutane, ta kalli maɓallin kwat ɗinsa da ya kusa tsinkewa.

"Ina son ka," ta ce. "Tun ranar igiya."

"Ban ji ba."

"Ka ji. Har Seu Damião ya ji, kuma kunnensa ɗaya ne."

Dariya ta ɓarke a layin. Rosicleide, da ke tsaye cikin farar rigar, ta taɓe baki ta ce to ita a samo mata wani angon kafin hodarta ta narke. Mai gidan burodi ya ɗaga hannu, aka cusa masa kwat ɗin da bai rufe masa tumbi ba, kuma an ce ba a taɓa yin auren wasan da ya kai na bana ban dariya ba.

An ɗaura na gasken a watan Disamba, Padre Anselmo na ta murmushi. Erivan ya gyara ɗakin bayan gidan suka tare a ciki. Yakan tafi Recife kiɗa ranar Juma'a, ya dawo da motar farko ta Litinin, kuma duk Litinin Dona Creuza na baranda tun asuba wai tana shan iska.

Ranar auren, da suka fito ƙofar coci, Erivan ya sunkuya ya sumbaci hannun surukarsa.

"Ki sa mana albarka, Mainha."

Ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan Jaciara.

"Allah ya yi muku albarka, ya cika gidan nan da hayaniya har in rasa wurin zama. Kai kuma, in ka ce kwana uku, to kwana uku."

"Kwana uku, Mainha."

Jaciara ce ta fara cewa amin, kuma har mutanen bayan fili sun ji.