Faifan da Ya Ɓata a Shagon Almakashi

Kwaɗon yana yashe a ƙasa, bakinsa a wangale, lokacin da matar marigayi Almakashi ta iso shagon da hantsi. Ta tura ƙofa da gwiwar hannu ta leƙa. Kwamfuta tana nan, lasifika suna nan, kujerar da mijinta ya lotsa da zama tana nan. Baƙin faifan ajiyar da ke zama a gefen kwamfutar ne babu, sai wayarsa a naɗe kan teburi. Ta zauna a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba, ta kira caji ofis.

Sajan ce aka turo, mace mai jiki wadda ba ta gaggawar magana. Abokan aikinta kan tsokane ta da cewa ta fi son kallon kaya a kan kallon mutane, ita kuma takan ce ai kaya ba sa rantsuwa.

"Baiwar Allah, mene ne a cikin faifan?"

"Fim ne, ranki ya daɗe."

"Na biki?"

"A'a. Nasa ne."

Sai da Sajan ta ja kujera ta zauna kafin labarin ya fito. Tace hoton biki ne sana'ar marigayi, daga nan ma ya samo sunan Almakashi. Amma ransa yana kan wani tsohon fim da ya gani tun yana yaro, na wani jarumi mai tashi sama, mai tallafe gada da kafaɗa. A ganinsa waɗanda suka fitar da fim ɗin sun yi masa yankan rashin imani. Akwai irinsa da yawa, masoya tsofaffin finafinan jarumai da ke haɗuwa a intanet. Kowa ya tsinto gutsattsarin da aka zubar, ya sake jera fim yadda yake ganin ya dace, ba don a biya shi ba, sai don 'yan'uwansa su gani su yaba ko su kushe. Almakashi ya yi shekaru a kan nasa. Duk lokacin da matar ta leƙo sai ya kare allon da tafin hannu ya ce sai ya gama, kuma ita za ta fara gani. Daga baya ciwo ya shiga kansa, ya fara cin kalmominsa, sannan ya sauko hannuwa. Watan jiya aka binne shi.

"Babu kwafi?" in ji Sajan.

"Da akwai na biyu, ya lalace. Yana ta cewa zai sayi wani, ciwo ya riga shi." Ta dubi teburin. "Yau na yi niyyar kallo. Sai jiya na iya samun ƙarfin zuciyar."

"Wa kika gaya wa za ki zo?"

"Baba mai ginin nan, da Kunne."

"Wane ne Kunne?"

"Amininsa. Shi ke haɗa masa sauti. Tun suna yara suke tare, yaya yake ce masa."

Sajan ta tashi ta fara da kwaɗon. An dake shi da abu mai nauyi har ya lanƙwashe, amma ƙarfen ƙofar da ake saƙala shi ko ƙwarzane babu. Ta durƙusa ta ga inda simintin bakin ƙofa ya fashe. An buɗe da mukulli ke nan, sannan aka ajiye kwaɗon a ƙasa aka yi masa dukan ƙarya. Da ɗan gari akan ci gari.

A ciki kuwa wayoyi ne ko'ina, a ƙarƙashin teburi, a jikin ƙusa, cikin kwali, duk a cukurkuɗe, wasu an nannaɗe su a hannu an cusa bakin a tsakiya. Marigayi, Allah ya jiƙansa, gwanin yanka ne amma ba gwanin kintsi ba. Guda ɗaya ce ta fita daban, ta kan teburi, zagayenta a jere. Sajan ta ɗaga ta da yatsa biyu, bakin ya suɓuce mata, sai wayar ta sauka ta miƙe sambal, ba murɗewa ba ƙulli. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta dunƙule ta ta jefa a jaka.

Baba mai ginin yana zaune a benci a waje, radiyo a cinyarsa.

"Baba, kana da mukullin shagon?"

"Ina da na kowane shago, 'yata. Ga su nan."

"Ka san abin da aka ɗauka?"

"An ce faifai. Na ce wane irin ɓarawo ne zai bar kwamfuta ya ɗauki faifai? Ko na tankaɗe ne mai tsada?"

Sajan ta kusa yin dariya. Ta miƙa masa wayar ta ce ya taimaka ya naɗe mata. Ya tattara ta kamar mai kwashe shanya ya miƙo. Ta yi godiya, ta cire shi daga zuciyarta. Mutumin da bai san kamannin abu ba ba zai tsallake kwamfuta ya zaɓe shi ba.

"Wa kuma ke da mukulli?"

"Matarsa. Sai Kunne, amma shi ya dawo da nasa ranar da aka yi rasuwa, a gabana ya ba ta. Yaron kirki." Ya rage murya. "In dai nema kike, ki nemi Dogo. Ya taɓa zama a shagon nan. Baram-baram suka rabu."

Shagon Dogo yana bayan tasha, a saman wani kantin magani. Shi ma mai tace hoto ne, kuma shi ma ya taɓa fitar da nasa yankan na fim ɗin. Ya tarbi Sajan a tsaye, yana cika yana batsewa.

"Na san za a zo kaina. Don na ce yankansa jan rai ne kawai?"

"Ka ce haka?"

"A gaban kowa na rubuta. Shi ma ya ce nawa yankan mahauci ne. Mu haka muke, ranki ya daɗe, faɗanmu a baki yake ƙarewa."

"Ka san matarsa za ta je shagon yau?"

"Ina zan sani? Ko gaisuwa ban iya shiga ba, a ƙofar gida na tsaya." Ya juya fuska. "Ni na fi kowa son ganin fim ɗin nan. Wanda zan yi musu da shi ya tafi."

Ta ba shi wayar. Ya nannaɗe ta a yatsunsa huɗu cikin fushi, ya cusa bakin a tsakiya, irin naɗin marigayi sak. Mai kantin magani kuma ya tabbatar cewa Dogo ya kwana a sama yana aikin wani biki, kuma matattakalar ta cikin kantinsa take, a kulle.

Kunne ta samu a wani ɗakin taro yana kwance kayan sauti bayan lacca. Siriri ne, idanunsa sun faɗa. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya zauna a kan akwatin lasifika.

"Ka taɓa ganin fim ɗin?"

"Ni na sa masa sauti. Amma tun da ciwon yaya ya yi nauyi ban ƙara buɗewa ba."

"Mukullinka fa?"

"Na mayar wa Anti."

"Guda nawa ne a hannunka kafin ka mayar?"

Ya ce ɗaya. Sajan ta buɗe jaka kamar mai neman biro, wayar ta zamo ta faɗi a gabansa. Ta ci gaba da tambayarsa yadda suka haɗu da marigayi. Ya ɗauki wayar yana ba ta labarin yadda suka taɓa kallon fim ɗin ta tagar wani gida don ba a bari su shiga ba. Bai ko dubi hannuwansa ba. Zagaye ɗaya ya kwanta ta sama, na biye ya juya ta ƙasa, haka har ƙarshe. Ya miƙo mata.

Sajan ta riƙe baki ɗaya ta saki sauran. Wayar ta miƙe sambal.

"Wa ya koya maka wannan naɗin?"

"Duk mai sauti haka yake yi. Kada waya ta murɗe ta karye a ciki." Bai rufe baki ba ya gane abin da ya faɗa.

"Haka na same ta a kan teburin," in ji Sajan. "Ɓarawo fizge faifai yake yi ya tafi da wayar, ko ya bar ta tana lilo. Wanda ya shiga shagon nan ya tsaya ya naɗe ta, don hannunsa bai iya barin waya a yashe ba. Hali zanen dutse. Marigayi ba haka yake naɗi ba, Dogo ba haka ba, Baba ba haka ba. An buɗe kwaɗon da mukulli kafin a fasa shi. Kuma mutum biyu ne suka san matarsa za ta je shagon yau, ɗayansu bai san faifan kwamfuta daga faifan tankaɗe ba. Ina faifan yake?"

Kunne ya rufe fuska da hannuwa. "Yana gida. Ban saci komai ba, ranki ya daɗe. Gyara na yi."

Sajan ta daɗe a aikin nan, ta san ɓarnar mai ƙauna ta fi ta maƙiyi wuyar ɗinkewa.

Da la'asar suka koma shagon su uku. Kunne ya jona faifan, ya ja wa matar kujerar mijinta, ya kunna. Fim ya fara, tsaf, kowane yanka a muhallinsa, sauti na tafiya da hoto. Ta kalla na ɗan lokaci, hannuwanta a cinya. Sannan ta ce a tsayar.

"Wannan ba hannunsa ba ne."

"Nasa ne, Anti. Yadda ya tsara shi da, kafin..."

"Na ƙarshe nake tambaya. Wanda yake zuwa nan yana yi ina riƙe da hannunsa a hanya."

Kunne ya durƙusa a gaban kujerar. Ya ce jiya da ta gaya masa za ta zo, ya shiga da mukullin da ya ɓoye don ya duba ko komai na aiki. Abin da ya gani ya tsinka masa zuciya. Yaya ya wargaza aikin shekaru. Faɗan kan gada ya tafi, tashi sama ya tafi, kusan duk fim ɗin babu. Ya ce mutane a intanet sun daɗe suna jiran yankan Almakashi, kuma ba su da tausayi, za su mayar da shi abin dariya. Shi ya sa ya tafi da faifan, ya fasa kwaɗon, ya kwana yana mayar da komai yadda ya tuna, da niyyar daga baya a ce an tsince shi.

"Wancan ɗin fa?" in ji Sajan. "Na ji an ce ku ba ku goge tsohon aiki."

"Ba mu gogewa." Ya sunkuyar da kai. "Wannan na goge shi, na bi na sake gogewa yadda ko gwani ba zai dawo da shi ba. Na ji tsoron kada wata rana wani ya gani."

Garin gyaran gira an rasa ido. Sajan ta kawar da kai, don abin ya ba ta tausayi ƙwarai, su duka biyun.

"Me ya bari a ciki?" matar ta tambaya a hankali.

"Wuri ɗaya ne, Anti. Inda jarumin ya dawo gida a ƙafa, ya cire kayan yaƙin, ya ƙwanƙwasa, matarsa ta buɗe ƙofa. Shi ya jera. Ta buɗe, ya yanke, ta sake buɗewa. Haka har ƙarshen fim. Wani wurin ma yankan ya karkace, hannunsa ya..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Ni na wanke shi lokacin da bai san ruwa ba," in ji ta. "Ni na koya masa riƙe cokali. Kana ganin karkataccen yanka ne zai ba ni kunya?"

Sajan ta matso ta ce doka ta ba ta dama, in tana so a tafi da shi, fasa shago laifi ne.

"A tafi da shi ina? A wurin wa zan ƙara jin abin da ke ciki?" Ta juya ga Kunne, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo. "Tashi ka zauna. Ka ce ta buɗe ƙofa. Da ta buɗe, me ta ce masa?"

Kunne ya dubi lasifikar, ya dubi hannuwansa.

"Ban saurara ba, Anti," ya ce. "Ina ta neman inda zan gyara."