Yaron Da Ya Hana Hamidu Ruwa

A zamanin da Faransawa ke mulkin Nijar, an yi wani yaro ɗan Tsibiri da ke lakwal, wato makarantar boko, a Maraɗi. Kansa na ja ƙwarai. Duk jarrabawa shi ke zuwa na ɗaya. Burinsa ya zama likitan yara.

Mushe, wato malaminsu, ya ce masa hanyar da tsawo. Sai ya ci satifika, jarrabawar gama firamare, ya wuce Yamai, sannan makarantar likitoci ta Dakar. Yaron ya ce shi wannan ba ya ba shi tsoro.

Da aka yi hutu ya tafi Jiratawa wurin gwaggonsa Tsahara. Ya tarar ɗanta Hamidu, ɗan wata goma, yana ta zawo. Gwaggo ta riga ta ɗauko zanen goyo za ta kai shi asibitin Maraɗi.

Yaron ya tuna darasin tsabta. Mushe ya ce ruwa marar kyau ne ke kawo zawo. Sai ya gyara tsayuwa.

"Gwaggo, ki zauna. Mun karanta wannan a lakwal. Ruwa ne ke sa shi. Ki daina ba shi ruwa, nonon ma ki rage."

"Ka tabbata, ɗan nan?"

"Na tabbata."

Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba. Ta yarda da shi, ta ajiye zanen.

Washegari da hantsi Hamidu ya daina ko kuka. Idanunsa suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, leɓensa ya bushe. Gwaggo ta goya shi ta hau jaki. Yaron ya bi su da gudu har Maraɗi.

Likita Idirisa ne ya karɓe su. Ya ja fatar cikin Hamidu, ya saki, ba ta koma ba. Ya tambaya yaushe rabon Hamidu da ruwa. Gwaggo ta kau da kai, don ba ta son tona asirin ɗan wanta.

"Ni na ce a hana shi, likita," in ji yaron.

Likita ya shiga aiki nan take. Ya sa wa Hamidu ruwa ta allura, ya ce gwaggo ta ba shi nono da tafasasshen ruwa, kaɗan-kaɗan ba fasawa. Sai wajen la'asar Hamidu ya buɗe ido ya canyara kuka. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye.

Sannan likita ya kira yaron, ya saurari duk yadda aka yi. Ya ce malaminsu gaskiya ya faɗa, amma maganin ruwa marar kyau shi ne a tafasa shi. Mai zawo kuwa ruwan jikinsa ne ke tafiya, dole a mayar masa.

Yaron ya sunkuyar da kai. "To na fasa zama likita. Na kusa kashe ƙanena."

"Kada ka fasa. Ka faɗi gaskiya lokacin da nake bukatarta. Abin da ya rage ka koyi cewa 'ban sani ba'. Ni na yi Dakar, amma har yau ina faɗinta, in je in tambaya."

Da aka koma lakwal, yaron ya zama mai yawan tambaya. Bai ƙara barin darasi rabi da rabi ba. Ya ci satifika, ya wuce Yamai, daga nan Dakar. Bayan shekaru ya dawo Maraɗi yana likitan yara, iyaye mata daga Tsibiri har Jiratawa na kawo masa ƴaƴansu.

Yara, guntun sani yana da haɗari. Abin da ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ku tambayi wanda ya sani.