Murar Malamin Firamare

"Ya ce ba zai shigo ba?!"

"Haka ya ce, Auta," in ji 'yar kawunta, tana gyara ɗankwali a madubi. "Ke ma ki yi masa adalci. Wa zai auri asibiti?"

Auta ta so ta jefe ta da kofi, amma yatsunta sun kumbura, sun ƙi lanƙwasuwa.

Haka aka haife ta, jikinta ba ya haɗa garkuwar yaƙi da cuta, sai dai a ɗura mata duk wata. Sanyin gaɓoɓi kuma ya zo ya tare a hannuwa da gwiwoyinta. Maganin gaɓoɓin yana ƙara raunana garkuwar, don haka Umma ta rufe ta a ɗaki, ko tari aka yi a falo sai an goge ƙofa.

Duk mazan duniya kuma ta rasa wanda za ta so sai malamin firamare, mai wuni cikin yara masu majina!

"Kashe min ke zai yi," kullum Umma ke faɗa.

Mahaifiyarsa kuwa cewa take ciwon gado ne, ba ta son shi a jikokinta.

Auta ta juya bango tana kuka. Ta gaji da ɗakin nan, ta gaji da jikinta.

Sai ta ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga.

Shi ne. Hanci ja, ido na ruwa.

"Me ya dawo da kai? Ba ka ce ka fasa ba?"

"Na fasa? Mura nake, masoyiyata! Na ce wa 'yar kawunki ta gaya miki sai na warke..."

Ta waiwaya. 'Yar kawu ta sulale.

"Jiya na kai Mama wajen likitarki," ya ɗaga murya. "Mama ta yi tambayoyinta har ta gaji. Ta ce ba ta hana ni ba, amma in san nauyin da zan ɗauka."

"Ka sani?"

"Na sani. Ki aure ni."

Da ƙyar ta ja gwiwoyinta zuwa tagar, ta sa gefen hannu tana tura sakata, zafi har cikin ƙashi.

Da sauri ya danne tagar ta waje.

"Kar ki buɗe, Auta! Ki amsa daga nan, ina ji."

Umma na tsaye a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon hannunsa a kan gilashin.

"Malam," ta ce, "in ka warke, ka shigo ta ƙofa."