Giyabos ɗin Marigayi

Tun da mijinta ya rasu, giyabos ɗin motarsa mai atomatik yake warwatse kan tabarma a gareji. Ba ta taɓa haɗa giyar mota ba, amma ta rantse motar nan ba za a sayar da ita a ƙarfe ba.

Wani dare tana kokawa da faifan kuloci tana kuka, sai wani mutum ya tsaya bakin ƙofa.

"Juya shi, baiwar Allah, a baibai kika sa."

Ta juya shi, faifan ya zauna daram. Mutumin ya matso ya riƙe mata tocila. Ya taka jan man giyabos ɗin da ya zube a ƙasa, amma bai bar sawu ba.

"Auta ya daina tarin nan?" ya tambaya a hankali.

Ta ƙi ɗaga kai, don kada ta duba ya tafi.