Ƙarfen da Ya Kwana a Gulbi

"Ni dai na hwaɗa maka, ka hidda ƙarhen ga daga motar ga!"

"Ƙarhe ka jihwa, Riskuwa? Hannu gare shi?"

"A'a, ni ka jihwa. Ni ka hawa bisa ɗaki ina watso notina, tunda ba ni da aikin yi."

Ja'afar ya buɗe baki zai mayar wa matarsa, sai wani abu ya sake faɗowa kan kwanon rufi, ƙwal, ya gangaro ya tsaya a gaban takalminsa. Noti ne, jiƙe sharkaf, da baƙar laka a raminsa, alhali rabon unguwarsu ta Gwadangaji da ruwan sama tun kafin a yanke shinkafa. Rana ta riga ta faɗi. Kaji sun shige akurki ba wanda ya kora su, tsakar gida ta yi tsit, ta ɗauki ƙarnin kifi.

Ja'afar direban haya ne tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, motarsa kuwa ta tsufa. Yara masu sababbin motoci kan wuce shi a Ambursa suna ɗaga masa hannu, fasinja na cewa, "Direba, ko mu sauka mu taimaka mata?" Da abin ya ishe shi ya kai kuka wurin Kayode, bakaniken da ya daɗe a garin har Kabanci ya zauna a bakinsa. Kayode ya kasa kunne a jikin injin ya ce lafiyarsa lau, numfashi ne ya yi masa kaɗan. A samo kamshaf mai dogayen ƙusumbi, wato sandar ƙarfen nan da ke buɗe bawul tana rufewa, a haɗa da sababbin bawul da sifirin masu tauri, inji zai shaƙi iska ya ƙoshi.

A Argungu Ja'afar ya samo ta, hannun wani masunci da ya jawo ruɓaɓɓen inji daga gulbi da ruwa ya janye. Komai na injin ya ci tsatsa, sandar kaɗai ke sheƙi. Ja'afar Bakabe ne, ya san abin da ya daɗe a ƙasan gulbi ba a kai shi gida sai Sarkin Ruwa ya nemi izinin masu wurin. Ya sani sarai. Ya dai naɗe ta a buhu ya jefa a but.

Mota kuwa ta yi gudu, har fasinja suka koma salati. A ranar aka fara jifa. Washegari Rauda, 'yarsu guda ɗaya tilo, ta daina cin abinci, ta kwanta tana haki kamar wadda aka biyo.

"In gardama kaka yi," in ji Riskuwa, "tada motar ka zo ka dubi ɗiyarka."

Ya fita ƙofar gida a fusace ya murza makulli. Injin ya kama da wannan sabon kukan nasa mai ɗingishi, gudum, gudum-gudum. Ya leƙa ɗaki. Ƙirjin Rauda na hawa yana sauka daidai da kukan injin, har da ɗingishin. Ya ruga ya kashe motar.

Ihun Riskuwa ya dawo da shi. Yarinya ta sandare, baki buɗe, babu iskar da ke shiga, babu mai fita. Ya koma da gudu, makulli na kuɓuce masa, ya murza, ya sake murzawa. Injin ya kama. A ɗaki Rauda ta ja wani dogon numfashi.

Ja'afar ya dubi allurar mai, ta kusa kwantawa. Ya kira Kayode a waya ya ce ya taho da jarkar fetur da akwatin sifanu, ya biya ya ɗauko Malam Abdulmuhaimin mai ruƙiyya, ko a kan sallaya ya same shi.

Malam dattijo ne marar gaggawa. Ya zauna a gefen tabarma, ya sa uwar ta riƙe kan yarinyar, ya fara karatu a hankali. A waje injin na ɗingishi, Kayode na ɗura masa mai. Karatu ya yi nisa kafin Rauda ta buɗe ido. Idon nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Kai, Malam, rage murya," ta ce da muryar wani tsoho mai kaushi. "Kaina ka juyawa."

"Wa ke magana?"

"Tamba. Na ƙasan gulbi, gabas da mashaya."

"Musulmi ne kai?"

"Tun kakanka bai iya alwala ba."

"To mi yarinyar ga ta yi maka?"

"Ita? Ba komi. Ubanta za ka tambaya, ga shi can raɓe da ƙohwa kamar ɓarawon akuya. Ƙarhen ga matashin kaina ne. Ina barcina anka jaye shi, ni ko na riƙe, ban saki ba. Sunka kulle ni cikin baƙin mai, wuri zahi kamar tanda, sunka yi ta juya ni. In ya taka wanga abu na ƙasan ƙahwa tai, har kakannina nika gani. Na yi jihwa, ba a ji ba. Shi na sa na ɗaure numfashin ɗiyatai ga ƙarhen, ya ji in da daɗi."

Ja'afar ya zube a kan gwiwoyinsa. Shi da ko gaban jami'an hanya bai iya lanƙwasa murya ba, ya ji bakinsa na cewa, "Baba, na tuba. Ni na ɗauko, na kuwa san ba a ɗauka. Ka kama ni, ka sake ta."

"In kama ka in kai ina? Kana warin gumi da hetur."

Malam ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta murɗe, tsohon ya yi ƙara ya ce a tsaya a yi magana. Da farko motar ya nema dungurungum, wai 'ya'yansa su riƙa wasa a ciki. Malam ya ce abin da aka ɗauka kaɗai za a mayar. Ya ce to a bar masa yarinyar ta yi masa damina guda tana share masa gida. Riskuwa ta ƙanƙame 'yarta, Malam ya ɗebo ruwan tofi a tafin hannu.

"Tsaya, tsaya! Malamman zamanin ga ba ku san ciniki ba. A maishe ni gida da ƙarhena, yanzu. Gidan gaba na mota za ni zauna. Kuma sannu za a tahi, in ya wuce tahiyar jaki na hwasa."

"In an kashe mota bakin ruwa za ta yi numfashi?" in ji Malam.

"In na ji sanyin gulbi ga ƙahwahuna, na sake ta."

Malam ya sa shi ya rantse, ya rantse.

Haka suka kama hanyar Argungu, Rauda a gidan gaba ta harɗe ƙafa kamar wani basarake, sauran a baya. Injin da aka gyara don gudu ba ya son tafiyar sannu. Sai ya yi kamar zai mutu, numfashin yarinyar ya sarƙe, Ja'afar ya ɗan taɓa totur, tsohon ya daka masa tsawa. Masu kekuna suna wuce su. Gumi ya jiƙa rigar Ja'afar har kujera, bai ko share ba.

Sai can talatainin dare suka isa Argungu, suka gangara bakin gulbi. Suka zaunar da Rauda, ƙafafunta cikin ruwa. Malam ya ɗaga wa Ja'afar kai. Ja'afar ya kama makulli, ya kasa murzawa, sai da Riskuwa ta ɗora hannunta a kan nasa.

Injin ya yi shiru. Kwaɗi ma suka yi shiru. Yarinyar ta sandare, uwar ta fara kiran sunan Allah, ruwan ya motsa sau ɗaya a gindin ƙafafunta kamar babban kifi ya juya. Sai Rauda ta yi atishawa, ta ce da 'yar muryarta, "Inna, sanyi nika ji."

Kayode ya kwance kan injin da zafinsa, yana ƙona yatsu yana tsaki, ya zaro sandar. Ja'afar ya shiga ruwa har ƙugu, ya yi bisimilla, ya ajiye ta a hankali a ƙasa. Ya fito ya rungume 'yarsa yana kuka ba kunya.

Sai da kukan ya lafa Riskuwa ta dubi motar da ke tsaye baki buɗe, kayan injinta a kan yashi.

"To a maida tsohon ƙarhen mu tahi gida. Yana ina?"

Ja'afar ya dubi Kayode. Kayode ya dubi akwatin sifanu. Tsohon kamshaf na can gareji a Birnin Kebbi, an tokare ƙofa da shi.

Kayode ya sosa ƙeya, ya juya wajen ruwan.

"Malam, tunda kun riga kun saba, ko za ka roƙe shi ya ara muna ƙarhen zuwa sahe?"