Fayil Ɗin Da Baba Ya Kulle

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Auta na zaune gaban tsohuwar kwamfutar mahaifinta a kusurwar falo. Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, harshensa ya ɗaure. Likita ya nemi tsofaffin takardun gwajinsa, kuma duk suna cikin na'urar.

Ta samu takardun. A ƙarƙashinsu akwai wani fayil na murya, ba suna, sai kwanan wata na shekara goma sha ɗaya baya. Ta danna, ya ƙi buɗuwa. Allon ya dushe, wani ɗan akwati ya fito yana neman izinin mai cikakken iko. Ta san kalmar sirrin Baba tana rubuce a bayan kalanda. Ta shigar, ta amince.

Muryar Baba ta cika falon, garau, kamar da.

"Umma, zo ki ji!" Auta ta ƙwala kira.

Amma ba hira yake yi ba. Roƙo yake, wani mutum na karatu a kansa. Can muryar ta yi kauri, ta faɗi wani suna sau uku. Daga cikin ɗaki Baba ya shiga dukan gado da hannunsa mai lafiya.

Kafin a kira magariba dutsen farko ya faɗo kan rufin kwano. Umma ta leƙa tsakar gida, ba kowa, ko kaji sun yi tsit. Da ta dawo, ta tarar da Auta a tsaye ta juya wa ƙofa baya, tana dariya da muryar da ba tata ba.

Kwana uku, kullum da faɗuwar rana, haka. Auta ta daina cin abinci, idanunta suka faɗa. Ran na huɗu Umma ta ɗauko malam mai ruƙiyya, aka turo Baba a kekensa na marasa lafiya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya motsa.

"Ni ban karya alkawari ba," in ji aljanin. "Ko kaɗan. Da aka fitar da ni daga jikin mutumin nan, na rantse ba zan dawo ba sai an kira sunana. An kira."

Malam ya ce, "Na'ura ce ta kira ka."

"Ta tambayi yarinyar, ta ce ta yarda. Ku mayar mini da tsohon, in sake ta."

Baba ya ɗaga hannu yana gyaɗa kai, hawaye na bin kuncinsa. Malam ya riƙe hannun ya sauke.

"Ba za ka samu kowa ba a gidan nan."

Ya ɗaga murya da karatu har jikin Auta ya ɗauki rawa.

"Tsaya! To a shafe sunana. Muddin yana gidan nan, ina gidan nan."

Umma ta dubi kwamfutar. Ba su da muryar mijinta a ko'ina sai cikin wannan fayil. Ta tura kekensa gaban teburi, ta danna wajen goge fayil ɗin. Akwatin neman izini ya fito. Da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, Baba ya shigar da kalmar, ya goge.

Auta ta sulale ƙasa. Labulen ƙofa ya ɗaga, ya koma. Umma ta ɗora kan 'yarta bisa cinya tana kiranta a hankali, har yarinyar ta buɗe ido.

"Umma," ta ce, "yunwa nake ji."